Ɗan Ƙaramin Mai Gadin da ke Ƙarƙashin Tukunyar Ruwan Zafi

(Kiɗan buɗe shiri)

   

Yau a filinmu na gyare-gyaren gida, da labarin ƙanwata zan buɗe. Tana aure a Shikago ta ƙasar Amurka, garin da in sanyinsa ya kankama, hunturunmu na Kano sai ya koma wasan yara. Wata Asabar cikin watan Janairu, na idar da sallar la'asar ke nan, su kuma can safiya ce, sai ga kiranta ta bidiyo. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Yaya, ruwan zafi ya ɗauke tun jiya. Ga maigidan ya yi tafiya, ga yara ba su yi wanka ba." Ta san na yi shekaru ina gyaran murhun gas kafin bakina ya kawo ni gidan rediyo, shi ya sa ni ta nema.

Ta sauka ɗakin ƙasa, ta haska mini tukunyar. Doguwa ce, ta kusa kai tsawon mutum, irin mai cin lita 150. Ta durƙusa, ta danna maɓallin kunnawa, ta ƙyasta. Sai ga 'yar wuta shuɗiya ta tashi, ba ta fi ƙwayar wake ba. Ta riƙe maɓallin, ta ƙirga har talatin, ta saki. Fit, wuta ta mutu. Ta sake, ta mutu. A na uku ta dubi wayar ta ce, "To Yaya, tunda muddin ina danne da shi wutar tana ci, ba sai in samo salatif in ɗaure shi ba?"

Wallahi sai da na miƙe tsaye daga kan tabarma. Wannan tambaya tata ita ta haifi shirinmu na yau.

Bari mu fara rarrabe abin da muke magana a kai, kada wani ya tashi ya kwance hitar banɗakinsa. Mafi yawan gidajenmu masu hita, ta lantarki ce, wadda ake maƙalawa a bango. Wannan ba ta da wuta mai harshe, abin da za mu faɗa yau bai shafe ta ba. Maganarmu a kan mai aiki da gas ce. Mai babbar tukunya ta fi yawa a Amurka da Kanada. Ƙarama wadda ake ratayawa a bango, mai dafa ruwa nan take yayin da yake wucewa, ita ake yawan gani a Turai da ƙasashen Arewacin Afirka irin su Masar da Aljeriya da Maroko. Wanda ya yi karatu a Alƙahira ya san ta. Tsohuwar sana'a ce: a 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Maughan, ya ƙera ta farko mai dafa ruwa da gas, ba ta ma da bututun hayaƙi, sannan a 1889 wani injiniya ɗan Norwe mazaunin Amurka, Edwin Ruud, ya fito da mai tukunya wadda take kunna kanta tana kashe kanta.

Amma uwargida da ke Fagge ko Zangon Damagaram, kada ki ce ba da ke ake ba. In murhun gas ɗinki irin wanda sai kin danna maɓalli kin riƙe shi ɗan lokaci ne kafin wutar ta tsaya, to abin nan yana cikin kicin ɗinki. Yana cikin tandar gas ta masu gasa burodi da kek. Yana cikin firij mai aiki da gas. Za mu dawo kanki.

To mene ne abin? Masu gyara suna kiransa tamokopul. Ni kuwa tsinken gadi nake ce masa, kuma da wannan sunan zan ci gaba. In ka leƙa ƙarƙashin tukunyar, kusa da 'yar wutar nan da ke ci dare da rana tana jiran a buƙaci babbar wuta, wadda ake ce wa failot, za ka ga wani ɗan ƙarfe a tsaye, kaurinsa bai kai fensir ba, kansa yana cikin harshen wutar. Daga gindinsa wata siririyar igiya ta jan ƙarfe ta fito, ta lanƙwaso, ta je ta shiga ƙarƙashin akwatin bawul inda maɓallin yake. Mutane da yawa suna zaton gas ne ke bi ta cikinta. A'a, wutar lantarki ce, kuma tsinken da kansa yake samar da ita, ba batir, ba NEPA.

Yadda aka gano hakan abin sha'awa ne. A shekarar 1821, wani masani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya haɗa ƙarafa biyu mabambanta ya yi zobe da su, ya ɗumama mahaɗa ɗaya ya bar ɗayar da sanyi. Sai ya ga allurar kamfas da ke kusa ta karkata. Shi a zatonsa zafi ne ke haifar da maganaɗisu kai tsaye, kuma ya daɗe yana kan wannan ra'ayi. Masanin nan ɗan Denmak, Hans Oersted, wanda shekara ɗaya kafin nan ya nuna cewa waya mai ɗauke da lantarki tana juya allurar kamfas, yana cikin waɗanda suka fahimci cewa lantarki ne ke gudana a zoben. Abin da ke cikin tsinkenmu ke nan: ƙarafa biyu da aka narkar da bakinsu aka haɗe a can ƙololuwar kai. In kan ya yi zafi, gindin kuma bai kai shi zafi ba, lantarki ya samu. Af, da wannan dabarar ce kumbunan Voyager guda biyu da Amurka ta harba a 1977 suke samun wutarsu a can inda hasken rana ba ya wadatarwa. Abin da ke kumbo, ga shi a ƙarƙashin tukunyar wanka.

Sai dai lantarkin ɗan mitsitsi ne. In aka raba bolt ɗaya gida dubu, kowane kaso sunansa milibolt. Lafiyayyen tsinke yana ba da milibolt 25 zuwa 30. Batirin rimot ɗin talabijin ɗinku bolt 1.5 ne, wato milibolt 1,500. Sai an tara tsinke hamsin kafin su kamo batir guda. Ku riƙe wannan, domin duk matsalar da za mu tattauna daga ƙanƙantar nan take fitowa.

Me ɗan lantarkin yake yi? A cikin akwatin bawul akwai wata ƙofar gas wadda sifirin ke tura ta ta rufe kullum. A bayanta akwai ɗan maganaɗisu mai aiki da lantarki. Ku tuna 'yar talla da farantinta. In farantin ya yi nauyi, ba ta iya ɗaga shi daga ƙasa ita kaɗai, sai ta ce, "Baba, don Allah ɗora mini." Amma da zarar an ɗora mata, za ta kai shi har kasuwa. Haka maganaɗisun nan yake. Ba shi da ƙarfin janyo ƙofar ya buɗe, amma in aka kawo masa ita har baki, zai riƙe. Babban yatsanka da ke danna maɓalli shi ne mai ɗora kayan. Daƙiƙa talatin zuwa sittin ɗin da ake ce ka jira, lokacin da kan tsinken ke buƙata ne ya yi zafi har lantarkin ya isa riƙo. In ka saki wutar ta zauna, maganaɗisu ya karɓi kaya. In kuwa iska ta hure wutar da tsakar dare kowa yana barci, tsinken zai huce, lantarki ya yanke, maganaɗisu ya saki, sifirin ya maido da ƙofa. Cikin minti ɗaya ko makamancinsa, sai ka ji ɗan ƙas, gas ya tsaya.

Abin da ya fi burge ni a ƙirar nan shi ne ko lalacewa ya yi, ta gefen rufewa yake lalacewa. Mai gadi ne da ko suma ya yi, a jikin ƙofa yake faɗuwa ya tokare ta. Saboda haka ranar da ya hana ku ruwan zafi, yana gaya muku ne cewa bai ji wuta ba. Ko dai gaskiya wutar ce ba ta isa gare shi, ko wani abu ya shiga tsakaninsu, ko shi ne ya tsufa. Salatif ɗin ƙanwata ba ya amsa ko ɗaya daga cikin ukun nan. Ɗaure mai gadi kawai yake yi, ya bar ƙofa a buɗe.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Abin da ke shiga tsakani, yawanci kunkunniya ce da ƙura da wani farin ɓawo da ke taruwa a kan tsinken bayan shekaru yana zaune cikin wuta. Sai su zame masa riga. Zafi ya ragu kaɗan, milibolt 28 ya koma 15, maganaɗisu ya fara sakin kaya a hanya. Wannan shi ne wanda shara ke magancewa.

Kafin a taɓa komai, hanci ne ma'aikaci na farko. Shi gas ba shi da wari a asalinsa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da kuke ji, zuba masa ake yi da gangan, kuma da rayuka aka sayi wannan darasi. Ranar 18 ga Maris 1937, a garin New London na jihar Tekzas, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta ba wanda ya sani, tartsatsi ya tashi, ginin ya fashe, kusan mutum 300 suka rasu, mafi yawansu ɗalibai. Bayan nan ne jihar ta kafa dokar sa wa gas wari, wasu suka bi sahu. To a yi amfani da shi. Kuma a lura: gas ɗin bututu da ake ja wa gidaje a Amurka da Turai ya fi iska sauƙi, sama yake yi. Na silinda kuwa, irin wanda muke saye a kilo, ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya cika lunguna da ramuka. Kana tsaye ba za ka ji komai ba, alhali yana nan a idon sawunka. Don haka a durƙusa a shinshina. In an ji wari, magana ta ƙare, ba ranar gyara ba ce. Kada a ƙyasta ashana, kada a kunna fitila, kada ma a kashe wadda ke kunne, domin makunnin bango yana yin tartsatsi ta kowane gefe. A rufe gas daga tushe, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da kowa, a kira masana daga waje.

In babu wari, sai a juya maɓallin tukunyar zuwa kashewa, sannan a rufe famfon gas da ke kan bututun shigowa. Alamar ya rufu, hannunsa ya gicciye bututun. In silinda ce, a rufe ta daga regileta. Sai a jira. Rabin awa ba asara ba ne. Na taɓa yin gaggawa a kan wata tanda, tabon yana nan a bayan hannuna na dama, kullum in ina alwala sai na gan shi.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙaramar sifana, sukudireba, tocila, busasshen tsumma mai tsabta, da sanfefa mai laushi ƙwarai, irin wanda kafinta ke gama aiki da shi. Ga wata shawara da ba mu da ita a zamaninmu: ɗauki wayarka ka yi wa wurin hoto kafin ka kwance ko noti ɗaya. Lokacin mayarwa za ka gode wa kanka.

A tsofaffin tukwane, murfin ƙasan ɗagawa kawai ake yi, hannu ya shiga. Irin ta ƙanwata ke nan, kuma ba mu kwance komai ba. Na ce ta yanko sanfefa kamar faɗin yatsa biyu, ta naɗe kan tsinken da shi, ta murza a hankali. Ina kallo ta waya, tocila a bakinta, tana magana ba a jin abin da take cewa. Kan da yake baƙi ƙirin ya fara komawa ruwan toka, sannan ƙarfe ya bayyana. Na ce ta tsaya. Nan ake kuskure. Mutum ya ga ƙarfe ya fara ƙyalli sai daɗi ya kama shi, ya yi ta gurza kamar mai wanke gindin tukunyar tuwo. Fatar tsinken siririya ce, in ka cinye ta ka kashe shi da hannunka. Ba a son ya yi walƙiya, rigar kawai ake so a tuɓe masa. Daga nan a goge da busasshen tsumma. Ban da ruwa, ban da omo, balle kananzir ko fetur ko wani abin fesawa. Wurin wuta ne, jama'a.

In hannu bai kai ba, dole a fito da kan murhun gaba ɗaya. A ƙarƙashin akwatin bawul za a ga noti uku: babba na bututun babbar wuta, matsakaici na bututun failot, da ƙarami na igiyar tsinken. A kwance su, a zaro murhun a hankali kamar ana zaro faranti daga tanda. In notin tsinken ya ƙi, kada a sa ƙarfi tukuna, domin akwai wasu ƙirar da haƙoran notinsu na hagu ne, juyin da ka saba kwancewa da shi ƙara ɗaure su yake yi. Igiyar jan ƙarfen kuma a lallaɓa ta. A cikinta akwai waya mai rufi, ita kanta igiyar kuma ita ce hanyar dawowar lantarkin. In aka karya ta gwiwa, na ciki ya taɓa na waje, shi ke nan.

Akwai wurin da kusan kowa ke mantawa, kuma a ganina ya kai kan tsinken muhimmanci: ɗaya bakin, wanda ke shiga akwatin bawul. A ƙarshensa akwai ɗan dunƙulen ƙarfe kamar kan ƙusa. Ta nan lantarkin ke tsallakawa. Wutar gida mai bolt 230 ba ta damu da 'yar tsatsa ba, ratsa ta take yi. Milibolt 30 kuwa, ko maiƙon yatsa ya isa ya rage masa ƙarfi. A goge wurin da tsumma har ya yi fes. Na sha zuwa gida a ce mini tsinke ya mutu, in duba in ga notin ne kawai ya saki, in ɗaure, in karɓi kuɗin mota in tafi.

Wajen mayarwa, a fara ɗaura kowane noti da yatsu, don kada haƙoransa su hau juna. Na tsinken, in yatsu sun gaza, a ƙara masa rubu'in juyi da sifana, a tsaya nan. Akwai ɗan abin rufi a bakinsa da ke raba wayar ciki da ta waje, in aka matse shi da ƙarfin tuwo sai ya murƙushe. Kuma kada a naɗa masa farin zaren nan na masu aikin famfo. Ba ruwa ko gas ke bi ta wurin ba, haɗin lantarki ne, zaren katse shi zai yi.

Sai a duba zaman tsinken. Harshen failot ya kamata ya lulluɓe kansa kamar santimita ɗaya ko ɗan fiye. In lasar gefensa kawai yake yi, bai isa ba. In kuma tsinken ya nutse gaba ɗaya har gindi, nan ma an ɓata, domin ku tuna abin da Seebeck ya gani: bambancin zafi tsakanin kai da gindi shi ke haifar da lantarkin. In duka biyun suka yi zafi ɗaya, ba abin da zai fito.

An mayar, an buɗe gas. Kafin a yi murna, a kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, a shafa a kan notin bututun failot da na babbar wuta da soso ko tsohon buroshin haƙori, a sake dubawa bayan wuta ta kama, domin sai gas yana gudana yoyon wuraren nan ke nuna kansa. In aka ga ƙwan kumfa yana kumbura yana girma, akwai yoyo. A rufe, a gyara. Na san akwai masu gwada yoyo da ashana, har suna alfahari da hakan. Allah Ya shirye su, kuma kada ku bar su su shiga gidajenku. Wajen kunnawa a bi rubutun da ke manne a jikin tukunyar, kuma in an gwada bai kama ba, a jira minti biyar gas ɗin da ya fita ya watse kafin a sake. Kada a kafa fuska a bakin ramin.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu bari in faɗi abin da masu koyar da wannan aiki ba su cika son faɗa ba. Sau da yawa tsinken ba shi da laifi, sharri ake masa. Ku kalli wutar failot ɗin da kyau. Lafiyayyiya shuɗiya ce, tsayayyiya, mai ɗan kaifi. In kuka gan ta rawaya, tana rangaji kamar wutar aci-balbal, ko ta ƙanƙance ba ta kai ga tsinken, to ramin da gas ke fitowa ne ya toshe. Ramin nan bai fi tsinin allura ba. Ƙura tana toshe shi, gizo-gizo yana saƙa a bututunsa, a ƙasashenmu kuma ga zanzaro da ba ya ganin rami ya ƙyale. Kuma ita wannan rawayar wutar ce ke shafa wa tsinken kunkunniya tun farko. In ka goge tsinke ka bar ramin, bayan wata guda za ka dawo inda kake. A hure ramin da iska. Kada a zura masa allura ko waya, domin in ya faɗaɗa ko kaɗan, wutar ta canza ke nan har abada.

Sababbin tukwanen Amurka kuma wani labari ne. Tun 2003 aka wajabta ƙera su da rufaffen ɗakin wuta, don kada tururin fetur ko fenti da ke ajiye kusa ya kama. Za ku gane su da 'yar tagar gilashi da ake leƙen wuta ta ciki. Iskarsu ta wata raga mai ƙananan ramuka take shiga daga ƙasa, kuma in ƙura da zaren tufafi suka toshe ragar, wutar sai ta shaƙe ta mutu, a ɗora wa tsinke laifi. Share kewayen gindin tukunyar da ragar da buroshi mai laushi, wannan kowa zai iya. Buɗe rufaffiyar ƙofar kuwa, ni shawarata a bar wa mai sana'ar, domin akwai abin toshe iska a bakinta da in ya yage sai an sa sabo. Haka nan in kuka ga wayoyi biyu sun fito maimakon igiyar jan ƙarfe, ga 'yar fitila tana ƙiftawa a jikin akwatin, wannan babban wan tsinken ne, tsinkaye da yawa aka haɗa wuri guda, yana ba da har milibolt 750. Gwajinsa daban ne. Kuma wanda ke gidan haya, musamman a Turai, ya fara kiran mai gida. A Ingila doka ce ta ɗora wa mai gidan haya ya sa ma'aikaci mai rajista ya duba kayan gas duk shekara. Kada ka je gyaran alheri ka jawo wa kanka shari'a.

Mai maltimita yana iya raba gardama cikin minti biyu. A kwance bakin igiyar daga akwati, a sa mitar a ma'aunin milibolt, waya ɗaya a jikin jan ƙarfen, ɗaya a ɗan dunƙulen ƙarshe, a kunna failot a riƙe maɓalli. In allo ya haura 20 ya doshi 30, tsinke lafiya lau, a nemi ciwon a wani wuri. In ya tsaya can ƙasa bayan an goge shi, ya gama aiki. Haka in an ga kansa ya tsage, ko ya kumbura, ko wuta ta cinye gefensa. Ba a gyara shi, sauyawa ake yi, kuma yana cikin mafi arahar kayan tukunyar. A tafi da tsohon kasuwa don a dace da tsawo da irin noti.

To uwargida, na yi alkawarin dawowa. Dubi kan murhunki. Kusa da inda wuta ke fitowa za ki ga 'yan tsinkaye biyu a tsaye. Mai farar riga ta tangaran shi ke ƙyasta wuta. Ɗayan, na ƙarfe zalla mai ɗan tsini, shi ne mai gadinmu. Abokan gabarsa a kicin su ne miyar da ta tafaso ta zube, da kunu, da man gyada da ya ƙone ya daskare. Ranar da kika ga kina sakin maɓalli wuta na mutuwa, ki bari murhu ya huce, ki rufe silinda, ki goge tsinken da busasshen soso, ki tabbata kin zaunar da hular murhun daidai yadda harshen wuta zai taɓa shi. Sau tari iyakarta ke nan.

Abin da nake roƙo da girman Allah shi ne a daina cusa tsinken ashana ko guntun kwali a gefen maɓalli don ya zauna a danne. Na shiga gidaje na gani da idona, har da inda aka ɗaure shi da robar taya. A tukunyar wanka, maɓallin da aka danne gas ɗin failot yake saki, kaɗan-kaɗan har gari ya waye. A murhun girki kuwa babbar wutar ce gaba ɗaya. Ruwan shinkafa ya tafaso ya kashe wuta kina tsakar gida kina shanya, gas ya ci gaba da kwarara, kuma in ya kai kashi 2 cikin ɗari na iskar ɗakin ya isa kamawa. Sai yaro ya shigo ya danna makunnin fitila.

Abu ɗaya kuma da tsinken ba ya iya tsare ku daga gare shi. Shi wuta yake ji, ba ya jin hayaƙi. Wutar gas da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da gubar nan marar launi marar wari, irin wadda ke kashe iyali guda in an kwana da janareta a cikin gida, ko da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Ƙananan hitocin bangon nan, in aka rataya su cikin banɗaki marar taga ba bututun hayaƙi, sun sha halaka masu wanka. In wutar ta koma rawaya, ko baƙi ya fara bayyana a bango saman hita, ko mai wanka yana fitowa da ciwon kai da jiri, a kashe ta, a kira mai gyara a ranar. Wanda ke ƙasar da ake sayar da na'urar ƙararrawa mai jin wannan guba, ya saya ya maƙala.

Ƙanwata dai ta mayar da murfi, ta jira minti biyar ɗinta, ta danna, ta ƙyasta. Muka ƙirga tare, ni a Kano ita a Shikago, har sittin. Na ce, "Saki a hankali." Ta saki. Wutar ta ɗan yi rawa, ta zauna. Ta juya maɓalli, muka ji babbar wuta ta kama, buu. Ta yi guɗa har yaran suka sauko a guje.

Mako uku tsinken ya yi yana aiki, sannan ya sake mutuwa, a wannan karon ko sanfefa bai tashe shi ba. Tsufa ne, sharar jinkiri kawai ta saya musu har maigidan ya dawo. Suka kira mai gyara, ya sa sabo cikin rubu'in awa, ya kuma hure musu ramin failot. Tsohon tsinken yana nan, ƙanwata ta ajiye shi, wai in ta zo hutun bazara za ta kawo mini tsaraba.

Lokacinmu ya cika. Mai tambaya ya aiko ta lambar da za a karanto bayan kiɗa, mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba tiyon silinda da regileta. A kwana lafiya. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)